Hoton Bature Mai Ƙirga Baki

Ku matso nan, a tura ƙofar nan. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu, ba ni wanke tabarma da safe. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce. A gidanmu ya faru, a Kwarin Dinya, kuma surukata ce ya faru da ita, Tabawa, uwar kakanku. Da bakinta ta ba ni labarin muna surfe, sau ɗaya, ba ta sake ba.

Tabawa bakwai ta haifa. Yanzu ina iya faɗin adadin, tunda abin da zai faru ya riga ya faru. Na farin, tana yaye shi aka kai shi riƙo wajen gwaggonsa a Gumel, can ya girma, can ya koyi ƙira. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "wancan". Ni ma ba za ku ji sunan a bakina ba, mijina ne.

Sauran shidan su ne 'yan gaban goshi. Sa'adu, Barira, Tukur, Hajo, Ƙasimu, da auta Nafi'u. Duk boko da aure suka kwashe su, wani Kano, wani Legas, wata Jos. Maigidan ya rasu. Gida mai ɗaki biyar ya koma tsohuwa ɗaya, akuya ɗaya, rumbu ɗaya. Nafi'u ya saya mata 'yar waya, ya nuna mata in ta danne wannan maɓalli za ta sami Sa'adu, in ta danne wancan za ta sami Barira, har su shida. Su kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci suke kiranta. Tun Laraba take aika wayar kasuwa a yi mata caji, don kada Juma'a ta same ta ba wuta.

Wancan ba ya cikin wayar. Shi dai duk kaka yakan aiko da dami goma na gero a amalanke, ba saƙo, ba gaisuwa mai tsawo. Ita ma ba ta aika godiya. Haka suke.

Wata shekara bayan an cire amfanin gona, Nafi'u ya zo da kaya a bayan mota. Malami ne a wata kwaleji, an yi masa canjin wurin aiki, yana neman inda zai ajiye tarkacensa kafin ya sami gida. A cikin kayan akwai wani hoto cikin gilashi, bakinsa ruwan zinariya. Hoton wani Bature ne na zamanin da, baƙi da fari, an zana shi da siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo. Farin ƙyalle naɗe a wuya, baki a rufe, fuska ta ɗan karkace gefe. Daga ƙirji ya tsaya.

Tabawa ta ɗaga shi ta juya.

"Wannan kuma fa? Surukinka ne?"

Nafi'u ya yi dariya. "Inna ke nan. Wani masani ne na ƙasar Turawa, ya mutu tun ba a haifi kakarki ba. Muna koyar da maganarsa. Cewa ya yi mutane sun fi abinci saurin yawa. Gona tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, haihuwa kuwa ninkawa take. Wai in ba a yi hankali ba, wata rana baki zai fi hatsi."

"Ya taɓa riƙe fartanya?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ya taɓa raba tuwo a gidan yawa?"

"Da wuya."

"To ka gaya masa ni na raba. Ba wanda ya kwana da yunwa a gidan nan, har shekarar da fara ta zo."

"Ya mutu fa, Inna."

"Ya huta da surutu."

Amma idonta na kan gilashin. A ɗakinta, sama da gado, bango ya tsage, akwai wani rami da tsaka ke fitowa. Ta sha liƙe shi da taɓo yana buɗewa. Da Nafi'u ya tafi, ta sami ƙusa da dutse, ta rataye hoton daidai kan ramin. Ya rufe shi ruf. Ba ta yi bisimilla ba, ba ta ce gafara masu wuri ba. Ku riƙe wannan. Rami a bangon tsohon gida ba a toshe shi haka kawai, ba ka san wanda ke ciki ba.

Kwana ya yi ta tafiya. Gida shiru. In ta yi sallar asuba ta share tsakar gida, ta ba akuya dusa, shi ke nan aiki ya ƙare, rana kuwa ga ta nan da tsawo. Mutum in ya rasa abokin magana, ko da turmi zai yi. Ita da hoton ta fara.

"Kana nan, mai lissafi? Ka ga yau ma an ƙoshi."

Wata rana tana ninke zannuwa ta dube shi ta ce, "Bakwai na haifa, in kana son sani. Bakwai, duk suna raye. Je ka lissafa."

Ta san ba a yin haka. Uwarta ta gaya mata, kakarta ta gaya wa uwarta. In an tambaye ka 'ya'ya nawa, ka ce alhamdu lillahi, ka yi shiru. Amma ta ga takarda ce cikin gilashi.

Ranar Lahadi, rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, ko kaza ta nemi gindin rumbu, ta ji murya a zaure.

"Akwai mutane?"

Ba sallama. Amma muryar ta sa ta miƙe da sauri har gwiwarta ta yi ƙara. Muryar Nafi'u ce sak.

Ta leƙa. Ba Nafi'u ba ne. Wani dogon mutum ne zaune a lungun zaure inda duhu ya fi, malafa ta rufe masa fuska, riga har ƙasa, littafi a cinya. Idon Tabawa dama ya yi rauni, ga hasken rana ya dalle ta.

"Iya, ƙidaya nake yi," in ji shi. "Masu ci daga rumbun gidan nan."

"Daga gwamnati?"

"Daga nesa."

Ta kawo masa ruwa a kwanon sha. Ya bar shi a ƙasa.

"Ni kaɗai ce a gidan," ta ce. "Amma duk sallah suna zuwa, kuma kowa ina ɗaura masa gero ya tafi da shi."

"Su wa?"

Wata nawa rabon da wani ya tambaye ta 'ya'yanta. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna.

"Akwai Sa'adu."

Alƙalami ya yi ƙara a takarda, ƙarat, ƙarat. Ita kuwa ta shiga ba shi labarin Sa'adu, yadda ya faɗa rijiya yana shekara shida, yadda ba ya cin kuɓewa, yadda yake tuƙa babbar mota har Legas. Mutumin bai katse ta ba, bai yi tari ba, bai gyara zama ba. Da inuwa ta fara fitowa daga gindin katanga sai ya miƙe.

"Gobe," ya ce.

Da baya da baya ya fita, bai juya mata ƙeya ba. Ta ce a ranta, wannan ya sami tarbiyya.

Da yamma ta je ɗibar gero. Da, sai ta zura hannu har kafaɗa ta tagar rumbu kafin ta taɓa zangarniya. Ranar iya gwiwar hannu ta zura. Ta ce ko damin ne ya zame.

Litinin ya dawo, ta ba shi Barira. Talata ta ba shi Tukur. Ranar ta ji daɗin hira har ta yi masa ba'a.

"Tunda masu ci kake nema, ga akuyata can, Kyalla. Ta fi kowa ci. Rubuta ta."

"Dabba ba ta cikin lissafi."

Amma hannunsa ya riga ya tafi. Ƙarat, ƙarat. Ta ga ya kama wuyan hannun da ɗayan hannun, kamar mai son tsayar da shi, bai tsayu ba.

"Abin da mai gida ya faɗa, shi hannun ke rubutawa," ya ce, muryar ta yi sanyi. "Ki daina wasa, Iya."

Da magariba akuyoyin gari suka dawo daga kiwo. Kyalla, wadda aka haifa a gidan, ta zo ƙofar zaure, ta tsaya, ta shinshina, ta wuce. Tabawa ta bi ta da kwaryar dusa tana kira. Akuya ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. A ƙofar wasu ta kwana.

Ya kamata a ce ta farga a nan. Ni da na tambaye ta, cewa ta yi, "Ke ba ki san zaman kaɗaici ba. In rana ta yi tsaka sai in ji ina sauraron zaure." Laraba ta ba shi Hajo. Alhamis Ƙasimu. Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, gari ya yi tsit, ta ba shi Nafi'u. Da muryar Nafi'u ya maimaita sunan, a hankali, yana rubutawa.

Aka sauko daga masallaci. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ɗora wayar a cinya. Sa'adu ne ke fara kira kullum. Shiru. Aka yi la'asar. Shiru. Ta duba ko wuta ce ta ƙare, ga fuskar wayar tana haske. Ta danne maɓallin auta.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Kai Nafi'u, ni za ka tambaya wa ke magana?"

"Yi haƙuri, Baba, wa kike nema?"

"Innarka ce, ɗan nema. Tabawa. Kwarin Dinya."

Tana jin numfashinsa.

"Baba, ina jin kuskuren lamba kika yi. Allah ya haɗa ki da wanda kike nema."

Da ladabi ya faɗa. Ta ce da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta danne na Barira, Barira ta ce ba ta san wata Tabawa ba. Ta danne na Tukur, ya ce wa wani a kusa da shi, wata tsohuwa ce ta rikice. Ba ta danne sauran ba.

Ta tashi ta nufi rumbu. Ba sai ta zura hannu ba. Zangarniya ta cika har tana leƙowa ta taga, manya-manya, irin da ba a taɓa nomawa a Kwarin Dinya ba.

Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Kande, wata bazawara mai sayar da ƙuli.

"Kande, baƙon nan da ke zuwa mini da rana, kin san daga inda yake?"

"Wane baƙo, Yaya Tabawa?"

"Mai malafa. Mai littafi."

Kande ta ajiye tiren hannunta. "Kwana shida ina wucewa ina ganinki a zaure kina magana ke kaɗai. Na ce tsufa ne, ban so in kunyata ki ba."

Suka je zauren tare. Tabawa takan share shi kullum da safe, yashi lallausa. Ga sawunta, ga gurbin kujerarta. Daga lungu kuma ga wani sawu, yatsu biyar dogaye a warwatse, irin na tsaka, amma kowane ɗaya ya kai faifai. Bai fita waje ba. Ya zagaya ta bayan ƙyaure, ya bi gindin katanga, ya shige ɗakinta.

Kande ta ja salati. "Yaya, ƙirga masa su kika yi? Ke da kanki?"

"Na ƙirga."

"Tattara zanenki ki zo gidana. Gobe a kira liman."

"Liman ya tafi ta'aziyya Maigatari, sai jibi. Wannan kuwa gobe zai zo." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Gidan mijina ba na bar wa tsaka shi. Ke dai ki ara mini kuka, tawa ta ƙare."

"Kuka? Yaya, miya za ki yi?"

"Baƙo gare ni."

Asabar tun hantsi ta hura wuta. Ba ta taɓa geron rumbu ba, ta kankare ɗan garin da ya rage a tukunyar ƙasa tun na bara. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta sa daddawa. Da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, ta leƙa ɗakinta. Gilashin na nan a bango, bakin zinariyar na nan. Ciki farar takarda ce fes, ba kowa.

"Akwai mutane?"

Ta yi bisimilla, wadda ba ta yi ba tun farko. Ta ɗauki akushi da kwanon miya ta fita.

Yau bai sa malafa ba. Fuskar hoton ce, baƙi da fari, da siraran layukan nan a kumatu, a karkace gefe guda. Ido ba ya ƙiftawa. Farin ƙyalle a wuya. Ku gane, shi wancan Baturen bawan Allah ya mutu a ƙasarsu, ba ruwansa. Mai ramin ne. An toshe masa ƙofa da fuska, ya ari fuskar. Ya ji Nafi'u na bayani, ya ari muryar da maganar. Amma hoto daga ƙirji ya tsaya, ba a zana masa ƙafa ba, sai ya zo da tasa. Ga yatsun nan sun leƙo ta ƙarƙashin riga, suna motsi ɗaya bayan ɗaya a cikin yashi.

"Saura ɗaya," ya ce. Leɓen bai motsa ba. "Bakwai kika ce."

Ta ajiye akushi a gabansa, ta zauna.

"Ina 'ya'yana?"

"Suna lafiya. Suna ci a wani wuri. Baki ya ragu, hatsi ya ƙaru. Ba ki ga rumbunki ba? Ba za ki ƙara jin yunwa ba har ki mutu."

"Na ce maka ina jin yunwa?"

"Sunan na bakwai."

"Ban iya ba."

"Kin sani."

"Na sani. Ban iya ba."

Ya buɗe littafin ya juyo mata shi. Ba ta karatu, amma ta ga layi shida, da wani ɗan guntu a gefe, na Kyalla.

"To mu yi musaya. Ki ba ni ɗaya, in goge shida. Kafin la'asar wayarki za ta yi ƙara. Shida sun fi ɗaya, Iya, ko wanda bai je makaranta ba ya san wannan. Wanda ba a hannunki ya girma ba. Wanda ba ya kiranki. In ya manta ki, me zai canza? Dama ba kwa magana."

Nan ne, ta ce mini, ta kusa ba shi. Don gaskiya ya faɗa. Ta tuna muryar auta yana ce mata Baba. Ta tuna sallah, tsakar gida cike da takalma. Suna ɗaya ne. Gajere ma. Shekara sittin yana zaune a ƙarƙashin harshenta.

Sai muryar ta sauya. Ta koma ta ƙaramin yaro, irin wanda bai gama iya magana ba.

"Inna. Inna, kira ni mana. Ko sau ɗaya."

Ranar da aka ɗora shi a jaki za a kai shi Gumel, yana miƙo hannu, tana tsaye a bayan ƙyaure tana kallo ta tsaga, ba ta fito ba, don kada a ce ba ta da kunya. Muryar ranar ce.

Bakinta ya buɗe. Ta ji harshenta ya ɗaga.

Ta sa haƙori ta cije shi har ta ji gishirin jini.

"Uwarsa ma da ta haife shi ba ta kira shi ba," ta ce, "sai kai, tsaka?"

Yatsun suka daina motsi.

Ta buɗe akushin, tururi ya tashi. Ta tura masa.

"Kai mai lissafi, ka yi kuskure a lissafinka. A gidan nan, baƙo kwana uku yake baƙo. Ya wuce haka ya zama ɗan gida, da rabonsa a tukunya. Kwana bakwai kana zama a zaurena, ina kawo maka ruwa. Shekara nawa kana bangona, ban sani ba. Ga tuwonka. Masu ci daga gidan nan kake nema, ko?"

"Ba na ci."

"Ba ruwana, an zuba da kai. Rubuta. Na bakwai, baƙon tsakar rana, mai zama a ramin bango."

"Iya, ki daina."

"Mai gida ce ta faɗa."

Hannun ya tafi. Ya danne shi da ɗayan, ya danne da gwiwa. Ƙarat. Ƙarat. Ƙarat. Har ya kai ƙarshen layi.

Alƙalamin ya faɗi. Ya ɗaga kai yana duban zauren, rufin, ƙyauren, ita kanta, irin duban da Kyalla ta yi mata.

"Nan ina ne?" ya ce. Ba muryar kowa ba ce yanzu, wani siririn sauti ne kamar iska a kara.

"Ba gidanku ba ne. Ga hanya."

Ya miƙe. Wannan karon ya juya, ta ga bayansa. Ba komai a wurin, farar takarda ce da tabon danshi. Ya fita ƙofar gida, cikin rana, littafin a hammata, yana waige-waige kamar wanda aka sauke a tashar da bai sani ba. Ta bi shi da ido har ya shige cikin karan gonar bayan gari.

Ta zauna a wurin, ita da tuwo, wayar a cinya. La'asar ta yi. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ya tafi da littafin, da layi shidan a ciki.

Rana ta kusa faɗuwa ta ji tsayuwar babur. Aka yi sallama, cikakkiya. Wancan ne, da ƙurar Gumel a gemu. Ba sallah ba, ba kaka ba. Ni na san yadda aka yi, don ina can Gumel tare da shi. Yana tsakiyar ƙira da rana tsaka ya ajiye guduma, ya ce mini kunnensa na ƙaiƙayi kamar ana shirin kiransa, bari ya dubo tsohuwa.

Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta kau da kai, ta dubi bango.

"A gaya wa wancan akwai tuwo a akushi. Ya huce, amma tuwo ne."

Ya ci, ya side hannu. Ta sa shi ya sauke gilashin, ya haƙa rami a bayan gari ya binne. Ramin bango kuwa ta ce a bar shi a buɗe. Bai tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Saura rumbu. Ta ce ba za ta ci kuɗin 'ya'yanta ba. Ta sa aka kwashe geron a buhuna aka rabar, da safe rumbu ya koma cike. Aka sake, ya sake. Sai wata rana wasu mata masu tallar nono suka nemi ruwa, ta dafa musu dambu da geron. Da ta leƙa, ya ragu da ɗan kaɗan, bai dawo ba. Nan ta gane. Sai abin da ta dafa da hannunta, wani ya ci.

Tsohuwa mai shekara tamanin ta koma ɗora babbar tukunya. Ta sa aka kafa mata rumfa a bakin hanya. Masu zuwa kasuwa, masu yankan kara, direbobin da mota ta lalace musu, kowa ta ce zo ka ci. Ba ta tambayar suna, ba ta tambayar ku nawa ne. Ni kakanku ya kawo ni in riƙa yi mata surfe, amma tuƙi da rabo ita ke yi.

Kyalla ce ta fara dawowa, bayan sati biyu, ta shigo tana kuka kamar an yi mata laifi. Wata bakwai, ranar wata Juma'a, waya ta yi ƙara. Sa'adu ne, yana cewa, "Inna, wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba." Ta ce, "Ka ci abinci?" Bayan shi Barira. Shekara ta zagayo, Tukur. Yadda ta ba da 'ya'yan, haka suka riƙa dawowa, kowa da rabonsa na geron da sai an cinye. Hajo ta zo da goyo. Ƙasimu ya zo ya same ta ƙafa ta kumbura, tana tuƙi a zaune.

Auta ne ya rage. 'Yan'uwansa sun je har gida sun gaya masa, ya ce ya san su, amma wannan tsohuwa da suke faɗa bai gane ta ba. Duk Juma'a tana ɗora wayar a cinya har magariba, ko da sauran sun gama kira.

Shekara uku da wata biyu, ciwo ya kwantar da ita. Geron da ya rage a gindin rumbu bai fi kwano biyu ba. Ta ce a ɗaga ta ta tuƙa, hannu ya ƙi. Ranar da za ta cika, kakanku na zaune a bakin gado. Ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, fuskarta na kallon bango. Na ga leɓenta ya motsa. Ba abin da ya fito. Shi kuwa ya bar mata hannun har nata ya yi sanyi.

Ranar sadakar uku na kankare gindin rumbu. Na ɗauki muciyarta, wadda hannunta ya cinye wa gindi, na ce Allah ka karɓa a madadinta. Na yi gumba, na tuƙa tuwo, aka ci. Ana wanke tukunya muka ji mota ta tsaya. Nafi'u ne, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya daban. Ya shigo da gudu har tsakar gida.

"Ina Inna? Tun ɗazu nake kiran wayarta."

Wayar na ɗakinta, a kan gado, tana ta ƙara. Ba wanda ya iya tashi ya ɗauka.

To kun ji. In rana ta take tsaka, kada wanda ya zauna a zaure shi kaɗai. Wanda ya shigo bai yi sallama ba, ku dubi ƙafarsa kafin ku dubi fuskarsa. Kuma ko wane ne ya tambaye ku ku nawa ne a gidanku, ku ce alhamdu lillahi, ku ja bakinku. Ke mai nuna 'yan'uwanki da yatsa, sauke hannun nan, na gan ki. Ni ban san ku nawa ne a tabarmar nan ba, kuma ba na son sani. Akwai sauran tuwo a tukunya, wanda bai ƙoshi ba ya je ya ɗiba.